Kira ga Hukumomin Ilimi a Bauchi: A Tayar da Na'urorin Koyarwa da Ke Kwance a Ɗakunan Karatu

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Bauchi, Sanata Bala Abdulƙadir Mohammed, Ƙauran Bauchi. Masu girma kwamishinonin da ke riƙe da harkar ilimi a jiha. Shugabannin Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Jami'ar Sa'adu Zungur. Shugabannin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji da ta Abubakar Tatari Ali. Babban Sakataren asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund. Da Babban Sakataren Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC.

 Ina neman izininku in gabatar da wani koke, kuma na zaɓi in gabatar da shi a bainar jama'a saboda dukiyar da ake magana a kanta ta jama'a ce, 'ya'yan da abin ya shafa su ma na jama'a ne. Ni malami ne a wannan gari. Kokena ya shafi na'urorin ji da gani da aka saya aka girka a ɗakunan karatu, wato majigi da manyan allunan lantarki da lasifika da kyamara da kwamfutocin da ke haɗa su, da kuma yadda za a riƙa amfani da su wajen sada aji da malamin da ke nesa, ko sada aji biyu da ke garuruwa daban-daban, ta hoton bidiyo kai tsaye.

Ranku ya daɗe, yabon gwani ya zama dole. Duk wanda ya shiga manyan makarantunmu zai ga gine-ginen da ke ɗauke da tambarin TETFund, zai ga zaurukan lacca da ba mu da irinsu a da. A shekarar 2014 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da NgREN, layin sadarwa na musamman da ya fara da haɗa jami'o'in tarayya 27, kuma tun daga farko taro ta bidiyo yana cikin abin da aka kafa shi dominsa. Hukumar samar da lantarki a karkara ta gina tashar sola mai ƙarfin sama da megawat ɗaya a harabar Gubi ta Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Duk waɗannan kuɗi ne aka kashe da kyakkyawar niyya. Amma da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda cutar korona, mun ga yadda wasu jami'o'i masu zaman kansu suka ci gaba da darasi ta intanet, mu kuwa a makarantun gwamnati galibi sai muka naɗe tabarma. Abin da ya hana mu a lokacin shi ne dai yake hana mu yau: an sayi doki, ba a tanadi harawa ba. Na'urar tana nan, amma sauti da wuta da intanet da ma'aikacin da zai kula da ita da izinin taɓa ta, su ne babu. Kuma kowane ɗaya daga cikinsu yana ƙarƙashin ikon ɗaya daga cikinku.

Na fara da mafi sauƙi, wanda ba ya buƙatar ko sisin kwabo. Ya shugabannin makarantu, sau da yawa ɗakin da ya fi kowane ɗaki kayan aiki shi ne wanda ɗalibi bai taɓa zama a cikinsa ba. Ana buɗe shi ranar da baƙi za su zo, ko ranar da tawagar tantance kwasa-kwasai ta iso, daga nan a mayar da kwaɗo. Makullin yana hannun mutum ɗaya, rimot yana cikin durowar wani, in ɗayansu ya yi tafiya to sai a haƙura. Na fahimci tsoron da ke bayan haka: wanda aka damƙa wa kaya shi za a tuhuma in sun ɓace ko sun lalace, don haka kullewa ta fi masa kwanciyar hankali. Ina roƙonku ku sauke masa wannan nauyi. Ku ba da umarni a ƙidaya na'urorin kowane ɗaki, mai aiki da marar aiki, a manna jerin a ƙofa, a sanya ɗakunan cikin jadawalin darasi kamar kowane aji, a kuma buɗe rajistar da malami zai sa hannu ya karɓi ɗaki ya sa hannu ya mayar. Na'urar da ta lalace wajen koyarwa ta yi aikin da aka saye ta dominsa, kuma bai kamata a hukunta kowa a kanta ba.

Kokena na biyu shi ne mafi girma a wurina, kuma zuwa gare ka nake miƙa shi, ya Babban Sakataren TETFund, domin ofishinka ne ke amincewa da jerin kayan da za a saya. A mafi yawan kwangilolin da muke gani, kuɗin yana tafiya ne wajen abin da ido ke gani, babban allo da majigi, a bar kunne ba komai. Alhali a darasin bidiyo, in hoto ya dushe ana iya ci gaba, amma in murya ta yanke darasi ya ƙare. Na halarci wata lacca da wani ɗan ƙasarmu da ke koyarwa a ƙetare ya yarda ya gabatar wa ɗaliban ajin ƙarshe ba tare da karɓar komai ba. Zaure ya cika, fuskarsa ta fito tar a jikin bango, ɗalibai suka yi tsit. Ya yi bayani mai daɗi, sannan ya nemi tambaya. Wata ɗaliba daga can baya ta miƙe ta yi tambaya mai ma'ana, amma abin da ya isa kunnen baƙon shi ne ƙugin fankoki da amsa-kuwwar zaure, domin makirufo ɗaya tak ake da shi, wanda ke jikin kwamfutar malami a kan tebur. Aka ƙara ƙarfin lasifika don a ji shi sosai, sai muryarsa ta riƙa fitowa daga lasifika tana komawa cikin makirufon, tana koma masa bayan ɗan lokaci, har ya riƙa tsayawa a tsakiyar jimla yana sauraren kansa. Daga ƙarshe lasifikar ta kwarma ƙara mai huda kunne, aka kashe ta, ɗalibai kaɗan na gaba suka yi cincirindo a kan kwamfutar, sauran suka fara sulalewa. Yarinyar ba ta sami amsar tambayarta ba.

Maganin wannan sananne ne a wurin masu sana'ar, kuma kuɗinsa bai kai na babban allo guda ba. Ana buƙatar ƙaramin makirufo da malami zai maƙala a wuyan riga, da makirufo biyu marasa waya da za su riƙa zagayawa a hannun ɗalibai, da na'urar da ke tace amsa-kuwwa ta hana muryar lasifika komawa wurin mai magana, sai labule masu kauri da silin mai shanye sauti, domin zauren da aka yi da siminti da tayil da gilashi kawai yana mayar da kowace kalma sau biyu. Ina roƙon a sanya waɗannan a matsayin sharaɗi a duk kwangilar ɗakin koyarwa, kuma kada a biya ɗan kwangila kuɗinsa na ƙarshe sai an gwada ɗakin cike da ɗalibai, an kira wani a Kano ko Zariya, ya tabbatar yana jin tambayar wanda ke zaune a layin ƙarshe. Gwajin da ake yi a ɗaki wayam, da mutum uku a tsaye kusa da tebur, ba ya nuna komai.

Haka batun kyamara yake, ko da yake bai kai na sauti tsanani ba. Ana kafa ta tana fuskantar taga, hasken rana ya mayar da malami inuwa, ko a kafa ta nesa ta yadda rubutun allo ba ya karantuwa. A gari mai jami'ar fasaha da kwalejojin fasaha biyu, inda rabin darasi lissafi ne da zane, wannan babbar naƙasa ce. A tuntuɓi malaman da za su yi aiki da ɗakin kafin a huda bango, a kuma ƙara ƙaramar kyamarar tebur mai nuna takarda, wadda malami zai yi lissafi da biro a ƙarƙashinta na nesa su gani dalla-dalla.

Sai wuta. Ranku ya daɗe, kun fi ni sanin halin da ake ciki. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin tayar da janareta ya fi ƙarfin sassa da yawa. A watan Afrilun 2024 farashin lantarki na rukunin A ya koma naira 225 a kan kowane ma'auni, ninki uku da ɗoriya, manyan makarantu a faɗin ƙasa suka shiga kukan kuɗin wuta. A watan Oktoban 2024 kuma yawancin jihohin Arewa sun shafe sama da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo mana wuta. Malamin da ke gaban ɗalibansa zai iya ci gaba da alli in an ɗauke wuta. Wanda ke magana daga wani gari kuwa ya ɓace ke nan, kuma mutumin da ya keɓe sa'a guda daga cikin aikinsa ya taimake mu, in aka yi masa haka sau ɗaya ko biyu ba zai sake amsa kiranmu ba. Ga kuma wutar da ke hawa da sauka tana ƙona kayan da aka saya da tsada. Abin da nake roƙo a nan ƙarami ne: majigi da kwamfuta da kyamara da lasifika da na'urar intanet gaba ɗayansu ba su kai kilowat ɗaya ba. A keɓe wa kowane ɗakin bidiyo nasa faifan sola da batura da inbata, a raba layinsa da na na'urar sanyaya ɗaki, yadda ko kamfanin rarraba lantarki na JED ya kawo wuta ko bai kawo ba, darasi zai kai ƙarshensa.

Game da intanet, gaskiyar da ba a cika faɗa a taro ba ita ce yawancin darussan bidiyon da ake yi a makarantunmu daga wayar malami suke fita. Shi ke sayen data daga albashinsa, ya kunna wa kwamfuta, ya ɗora wayar a bakin taga inda sabis ya fi ƙarfi. Sa'a guda ta bidiyo mai kyau tana iya cinye gigabait guda ko fiye, ga shi a watan Janairun 2025 hukumar kula da sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari. Sannan da yake manhajar Zoom ta kyauta ake amfani da ita, da an yi minti 40 sai ta katse taron, a koma ana neman sabon mahaɗi ana aika wa baƙo. Wannan abin kunya ne ga makarantar da ke ba da digiri. Ina roƙon shugabannin makarantu su ja kebul daga cibiyar kwamfuta zuwa cikin ɗakin kai tsaye, domin intanet marar waya da ɗaruruwan wayoyin ɗalibai ke rububi ba ta ɗaukar bidiyo. A keɓe wa ɗakin nasa kason, a lura musamman da ƙarfin aikawa, tunda aji aika hoto yake yi ba karɓa kawai ba. A sayi lasisin manhaja da sunan makaranta. A kuma tanadi hanya ta biyu ta ko-ta-kwana, ko da ta tauraron ɗan Adam ce irin Starlink da ta fara aiki a Najeriya a 2023. Ya Babban Sakataren NUC, layin NgREN amanar ofishinka ce, muna roƙon ya wuce ofisoshin gudanarwa ya iso inda ake koyarwa. Mai Girma Gwamna kuma yana da bakin da zai nema wa makarantun jiha kasonsu daga asusun USPF na hukumar NCC, wanda aka kafa domin kai sadarwa inda kasuwa ba ta kai ta ba.

Duk abin da na lissafa zai sake mutuwa cikin shekara biyu in babu mai kula da shi. Bauchi gari ne mai ƙurar hunturu. Majigi yana da fanka a cikinsa da ke zuƙar iska don ya huce, tare da iskar yake zuƙar ƙura, matatarsa ta toshe, ya yi zafi, ƙwansa ya mutu tun kwanansa bai ƙare ba. Aikin minti goma ne a cire matatar a kakkaɓe, amma ba aikin kowa ba ne, don haka ba wanda ke yi. Wani lokacin ma abin da ya tsayar da darasi ɗan mahaɗi ne na 'yan dubban naira, saboda kebul ɗin bango na tsohon yayi ne, kwamfutar malami kuma sabon rami gare ta. Ina roƙon a ɗauki ma'aikatan fasaha na dindindin, a ba su matsayi da hanyar ƙarin girma, kowane rukunin ɗakuna da nasa, yana nan kafin darasi ya fara har ya ƙare. Ba sai an je nesa ba wajen nemansu: kwalejin Gwallameji da ta Tatari Ali suna yaye masu ilimin lantarki da kwamfuta kowace shekara, ɗalibansu kuma suna yawon neman inda za su yi horon sanin makamar aiki na SIWES. A ba su waɗannan ɗakuna a ƙarƙashin ƙwararre. Kuma a duk kasafin sayen na'ura a ware wani kaso na gyara da kayan canji tun daga ranar farko, a ajiye su a sito kusa, yadda canza ƙwan majigi ba zai jira takarda ta zaga ofis biyar ba.

Akwai kuma abin da ya shafe mu malamai, kuma adalci ne in faɗe shi. Koyar da aji biyu a lokaci ɗaya, ɗaya a gabanka ɗaya a allo, fasaha ce da ake koyo. Malami yakan manta da na nesa ya juya musu baya, ko ya yi ta nuna abu da yatsa yana cewa "wannan" alhali ba sa ganin abin da yake nunawa. Dole ya saba da maimaita tambaya kafin ya amsa, da dakatawa ya ba na nesa dama, kuma dole a sami ƙaramin malami a ɗaya ɗakin mai tsare tsari da miƙa makirufo. Bitar kwana ɗaya a otal ba ta koyar da wannan. A yi horon a cikin ɗakin da za a yi aikin, sashe bayan sashe. Bayan haka, da yawa daga cikin abokan aikina suna ɗari-ɗari da kyamara saboda dalilai masu ƙarfi: suna tsoron a naɗi darasinsu a riƙa amfani da shi ba da saninsu ba, ko a yanko wata jimla a watsa a Facebook, ko a fake da bidiyo a daina ɗaukar sababbin malamai. Ɗalibai mata da iyayensu su ma suna da haƙƙin sanin inda hotonsu zai je. Ƙasar nan tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023. Ina roƙon majalisun gudanarwa na makarantu su zauna da ƙungiyoyin malamai da na ɗalibai su rubuta ƙa'ida bayyananna: wa ke da izinin naɗa, ina za a ajiye, har zuwa yaushe, wa ya mallaki darasin, kuma a rubuta ƙarara cewa bidiyo ba zai zama hujjar rage ma'aikata ba.

Mai Girma Gwamna, inda wannan aiki zai fi amfani a hannunka yake. Jami'ar Sa'adu Zungur tana da harabobi a Gaɗau da Misau da nan Bauchi, tsakaninsu tafiya ce ta sa'o'i. Akwai darussan gama-gari da kowane ɗalibi ke ɗauka, akwai kuma fannonin da masanansu ba su da yawa a jihar gaba ɗaya, ga wasu manyan malamai da likitoci suna ta barin ƙasar. Farfesa ɗaya da zai kwana a hanya don darasin sa'a biyu, da kuɗin mai da haɗarin titi, zai iya tsayawa a ɗaki ɗaya harabobi uku su ji shi su yi masa tambaya. Ina roƙon Mai Girma ya ba da umarni a fara da ɗaki ɗaya cikakke a kowace haraba, a haɗa da kwalejin ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare da ta Kangere, a gwada na zango guda kafin a faɗaɗa. Ɗaki biyar masu aiki sun fi mana hamsin da aka yanke wa ƙyalle aka kulle. Jami'o'in nan biyu sunayen malamai suke ɗauke da su, Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ma malamin aji ne a Makarantar Midil ta Bauchi kafin ya shiga siyasa, don haka ba mu roƙi abin da ya saɓa wa tarihin garin ba.

Ga hukumar NUC kuma akwai wani ƙulli da ita kaɗai za ta kwance. Muddin ba a fayyace matsayin darasin da aka yi ta bidiyo kai tsaye ba, ko ana ƙirga shi cikin sa'o'in koyarwa, ko ana biyan malamin da ya yi shi daga wata jami'a, shugabannin sassa za su ci gaba da ɗaukarsa a matsayin alfarma da ake yi in an ga dama. Hukumar tana da shirin LEADS na jawo masananmu da ke ƙetare su zo su koyar na ɗan lokaci. Da yawa ba za su iya barin aikinsu na watanni ba, amma za su iya ba mu sa'a biyu a mako. Muna roƙon a fitar da takardar da ta amince da hakan, da sharuɗɗan ingancin ɗakin da za a yi shi, domin jarrabawa da sa ido kan ɗalibi su ci gaba da zama a hannun malamin gida.

Masu girma kwamishinoni, ban manta da makarantun sakandare ba, inda ƙarancin malaman fiziks da kemistiri da lissafi ya fi ciwo, musamman a wajen birni. Ba na ba da shawarar a zuba allunan lantarki a makarantar da rufinta ke yoyo. Amma ana iya keɓe ɗaki ɗaya a cikin garin Bauchi inda gogaggen malami zai koyar, a haɗa shi da 'yan makarantun kwana da ke da tsaro da sola, malamin kowace makaranta yana tsaye tare da ɗalibansa yana ƙaruwa shi ma. A kuma riƙa fitar da muryar darasin ita kaɗai, domin ba ta da nauyi, yaro zai iya karɓa a ƙaramar wayar gidansu, gidan rediyon jiha ma zai iya maimaita ta da yamma.

A ƙarshe ina miƙa roƙo ga Mai Girma Kakakin Majalisar Dokokin Jihar Bauchi da kwamitocin ilimi na majalisar. In kun fita zagayen duba ayyuka, kada ku tsaya a kan ganin na'ura a jikin bango. Ku ce a kunna, ku ce a kira wani a Gaɗau ko Azare, ku zauna a kujerar ƙarshe ku yi masa tambaya ku ji ko zai amsa. Ku nemi rajistar ɗakin ku ga darasi nawa aka yi a cikinsa a zangon da ya wuce. Muna kuma roƙon kowace makaranta ta wallafa jerin na'urorinta masu aiki da marasa aiki kafin a buɗe sabuwar shekarar karatu, tare da ranar da za a gyara waɗanda suka tsaya da sunan ofishin da gyaran ya rataya a wuyansa.

Allah ya taya ku riƙo, ya ba ku ikon sauke amana.

Naku cikin girmamawa,
Wani malami a birnin Bauchi